Idan Kai Ya Bugu a Filin Ƙwallo: Yaushe Yaro Zai Koma Wasa?

Iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwar Agbogbloshie masu doya da albasa da tumatir, mutanen Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, masu horar da yara, da ku kanku 'yan wasa, barkanku da war haka. Na san kowa ya baro rumfarsa a hannun wani, don haka ba zan ja ku da nisa ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni, kuma ta shafi kusan kowane gida a Zango: idan kan yaro ya bugu a filin ƙwallo, me za a yi masa, kuma yaushe ya dace ya koma wasa?

Babu wanda zai koya mana son ƙwallo. Daga Nima Mohammed Kudus ya fito, a ƙungiyar yara ta Strong Tower ya fara, ya wuce makarantar Right to Dream, ya je Nordsjaelland a Denmak, ya je Ajax a 2020, ya shiga gasar Ingila a 2023. Duk yaron da ke tayar da ƙura a filin Kawukudi yana ganin kansa a wannan hanya, kuma ba laifi ya yi ba. Ban zo in raba yaranku da ƙwallo ba. Na zo ne domin yaron da ya fita da safe da hankalinsa ya dawo gida da hankalinsa, ya kuma daɗe yana wasan da yake so.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ku masu tumatir za ku riga kowa fahimtar wannan. Mota ta taso daga arewa da akwatunan katako, ta faɗa rami a hanya, ta iso kasuwa. Ka duba akwati, babu ƙusar da ta fita, babu katakon da ya karye. Sai ka buɗe ka tarar abin da ke ciki ya ji jiki. Haka kai yake. Ƙoƙon kai ƙashi ne mai ƙarfi, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinsa taushi gare ta, tana zaune ne cikin wani ɗan ruwa. Idan kai ya haɗu da kai, ko da gwiwar hannu, ko da ƙarfen raga, ko da ƙasa mai tauri, ƙwaƙwalwa takan jijjiga a ciki. Ko ba a taɓa kan ba, mugun karo a kafaɗa ko ƙirji wanda ya fizgi wuya yana iya jawo haka.

Wannan shi muke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Likitocin Gana za ku ji suna cewa konkoshon, na Nijar da Togo da Burkina Faso kuma komosiyon serebral. Ku riƙe sunayen biyu, domin mu mutanen hanya ne, ba mu san inda larura za ta same mu ba.

Bayan girgizar, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan rikice. Suna bukatar ƙarfi mai yawa domin su gyara kansu, a daidai lokacin da ƙarfin da ke isa gare su ya ragu. Shi ya sa yaro yake jin nauyin kai, tunaninsa ya yi sanyi, ƙafarsa ta daina bin umarninsa da sauri. A cikin waɗannan kwanaki ƙwaƙwalwa ba ta da kariya. Bugun da a da ba zai yi mata komai ba, yanzu yana iya yi mata ɓarna babba. A wasu lokuta, ko da yake ba su da yawa, bugu na biyu kafin na farko ya warke yakan sa ƙwaƙwalwa ta kumbura farat ɗaya, kuma yara da matasa ne abin ya fi samu. A Kanada, wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Rowan Stringer ta rasu ta wannan hanya a 2013, bayan kanta ya bugu fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki a wasan zari-ruga. Mutuwarta ce ta sa jihar Ontario ta kafa doka mai sunanta a 2018.

Abu biyu nake so ku cire daga zuciya. Na farko, cewa sai yaro ya suma ne abin ya zama babba. Mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma ko kaɗan. Na biyu, cewa idan babu jini babu rauni. Ku tuna da akwatin tumatir.

Manya ma ya same su a gaban idon duniya

Ranar 13 ga Yuli 2014, a wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Jamus da Ajantina, kan Christoph Kramer ya bugu da kafaɗar wani ɗan baya. Ya tashi ya ci gaba da wasa kusan minti 14 kafin a fitar da shi. Alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labari daga baya cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Ku duba fa: mutum yana tsakiyar wasa mafi girma a rayuwarsa, yana gudu, yana taɓa ƙwallo, amma bai san inda yake ba.

A nan kusa da mu, ranar 25 ga Janairu 2022, a gasar kofin Afirka da aka yi a Kamaru, Sadio Mane na Senegal ya yi karo da golan Kef Bad. Ya tashi ya ci gaba, har ya ci ƙwallo. Jim kaɗan bayan haka sai ya kwanta a fili, aka fitar da shi, aka wuce da shi asibiti. Masu fafutukar kare lafiyar ƙwaƙwalwa sun soki barinsa da aka yi a fili bayan karon. Darasin da ke ciki shi ne, cin ƙwallo ba shaidar lafiya ba ne. Kuma Mane yana da likitoci a gefen fili da asibiti a shirye. Yaronmu na gala ba shi da kowa sai mu.

Saboda irin waɗannan ne dokar wasa ta sauya. Tun daga 1 ga Yuli 2024, dokokin ƙwallon ƙafa sun ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman domin ɗan wasan da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ba tare da an rage wa ƙungiyarsa yawan canjinta ba. A watan Satumba na 2024, FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da gangami a kan wannan matsala, kuma saƙonsu shi ne babu wasan da ya kai a sayar da lafiyar kai dominsa. Masu shirya gasar unguwa da gasar Sallah da wasannin kolts, ku ma kuna iya rubuta wannan a ƙa'idarku tun kafin a busa usur.

Alamun da za ku lura da su

Akwai waɗanda ido ke gani daga bakin fili. Yaro ya faɗi bai kare kansa da hannu ba. Ya daɗe a kwance. Ya tashi yana tangaɗi. Ya dafe kai. Idonsa a buɗe amma kamar ba ya ganin kowa. Ya nufi ragar da ba tasa ba, ko ana yi masa magana yana jinkirin amsawa.

Akwai waɗanda shi zai faɗa idan an tambaye shi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, haske ko ƙara suna damunsa, jin kamar hazo ya rufe masa tunani.

Koci yana iya yi masa tambayoyi masu sauƙi: Wane fili muke? Kafin hutun rabin lokaci ne ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa muka buga a makon jiya? Mun ci ko an ci mu? Idan ya kuskure ko ɗaya, magana ta ƙare, ya fito. Idan ya amsa duka daidai amma kun ga ɗaya daga cikin alamun can, nan ma ya fito. Amsa daidai ba ta wanke shi.

Ku sani kuma alamu ba dole su bayyana nan take ba. Wasu sai dare, wasu sai washegari, wasu har kwana uku. Uwa ce ta fi kowa gane wannan. Ke kika san ɗanki mai surutu ne, yau ya yi shiru. Kin san mai haƙuri ne, yau yana faɗa da ƙannensa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya bar tuwo, ko barci ya ƙi zuwa, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya. Tambaye shi: kanka ya bugu a wasa?

Ƙa'ida ta farko: ya fito, kuma ba ya komawa a ranar

Da zarar an yi zato, a fitar da shi. Ba a jiran tabbaci. Ba ya komawa wasa a wannan rana, ko da ya rantse ya warke, ko da saura minti biyar, ko da wasan ƙarshe ne kuma shi ne mai cin ƙwallon ƙungiya. Kada a bar masa zaɓi, domin abin da zai yi tunanin da shi, shi ne ya bugu. Yaro kuma yana tsoron a ce masa rago, yana tsoron wani ya gaje lambarsa. Hukuncin na manya ne.

Na san abin da muka saba yi. A fasa ledar fiya wata a kansa, a shafa masa man zafi a wuya, a ɗaga ƙafafunsa sama, a jijjiga shi, a ce tashi kai namiji ne. Ruwan sanyi yana wartsakar da fuska, amma ba ya isa inda ciwon yake. Jijjigawa da ɗagawa kuwa suna iya kashe mutum ko su gurgunta shi idan ƙashin wuya ya taɓu. Idan yaro ya suma, ko yana kukan wuya, kada a ɗauke shi kamar buhu. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu yadda yake, kada ya motsa, wani ya duba numfashinsa, wani ya kira 112 domin motar asibiti. Sauran jama'a su ja da baya.

Alamun da ba a kwana da su

Waɗannan suna nuna mai yiwuwa jini na zuba a cikin kai, ko ƙashi ya fashe, ko wuya ya taɓu. Idan kun ga ko ɗaya, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne:

- Ya suma, ko na ɗan lokaci ne.
- Ciwon kai mai tsanani, ko mai ƙaruwa.
- Amai fiye da sau ɗaya.
- Jijjiga irin ta farfaɗiya.
- Barci yana rinjayarsa, ana tashinsa da ƙyar.
- Ruɗewa tana ƙaruwa, ko ya zama mai fizge-fizge da faɗa.
- Ciwon wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin kamar ana tsira masa allura a cikinsu.
- Yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma.
- Magana tana sarƙewa.
- Jini ko ruwa yana fita ta kunne ko ta hanci.

A nan Ankara, Korle Bu yana kusa da Agbogbloshie, kuma yana da sashen haɗari da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Ridge, akwai asibitin sojoji na 37 kusa da Nima da Mamobi. Idan babu waɗannan alamu masu tsanani, duk da haka a kai yaro wurin likita cikin kwana ɗaya, ko a babban asibitin Mamobi ko a wanda ya fi kusa da ku.

Wata magana kuma, da girmamawa nake faɗinta. Idan yaro ya fara sambatu ko fizge-fizge bayan kansa ya bugu, wasu sukan ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman magani a gida. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti. Jinin da ke taruwa a cikin kai ba ya jira, kuma akwai wanda zai tashi ya yi magana lafiya lau na 'yan sa'o'i kafin ya faɗi.

Idan an ɗauki hoton kai aka ce ba a ga komai ba, ku gode wa Allah, amma ku fahimci ma'anarsa. Hoton yana neman jini ne da karaya. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a cikinsa. Hoto mai kyau ba takardar komawa fili ba ce.

Kwana biyun farko a gida

Kada a bar shi shi kaɗai a sa'o'i 24 na farko. Babba ya kwana kusa da shi. Barci magani ne, a bar shi ya yi, amma a riƙa leƙa shi ana duba numfashinsa da yanayinsa. Idan ciwon kai ya dame shi, farasitamol ya isa. A guji asfirin da ibuprofen da diklofenak a wannan lokaci sai da izinin likita, domin suna iya ƙara zubar jini. Tiramadol da maganin barci da giya da duk abin da ke gusar da hankali, a nisanta su gaba ɗaya: suna ɓoye alamun da muke so mu gani. Kada ya tuƙa babur ko keke ko mota. A rage kallon waya da talabijin sosai a kwana biyun nan.

Hutun ba na kulle yaro a ɗaki mai duhu ba ne. A da haka ake cewa, amma bincike ya nuna doguwar kwanciya tana jinkirta warkewa. Ya yi wanka, ya ci abinci da 'yan'uwansa, ya zauna a tsakar gida, ya ɗan taka a hankali. Abin da ake gudu shi ne wahala da hayaniya da wani bugun.

Matakai shida na komawa wasa

A watan Oktoba 2022, masana daga ƙasashe da yawa sun taru a Amsterdam, taro na shida irinsa, suka daidaita a kan hanyar da ɗan wasa zai bi ya koma fili. Matakai shida ne, kuma kowane mataki yana ɗaukar aƙalla sa'o'i 24. Ba a tsallake ko ɗaya.

Mataki na 1: harkokin gida marasa nauyi, da ɗan tattaki a unguwa. Wannan yana farawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan bugun.

Mataki na 2: motsa jiki mai sauƙi. Tafiya da ɗan sauri, daga baya sassarfa a hankali, yadda zai iya magana yana yi ba tare da haki ya hana shi ba. Babu ƙwallo, babu ɗaga ƙarfe mai nauyi.

Mataki na 3: atisaye shi kaɗai, nesa da sauran 'yan wasa. Gudu, juyawa, jan ƙwallo da ƙafa. Babu sa kai, babu abin da zai iya jawo karo.

A nan akwai ƙofa. Ba ya wuce ta sai duk alamun sun tafi, a zaune da kuma bayan ya motsa jiki, kuma likita ya duba shi ya amince.

Mataki na 4: atisaye da ƙungiya, amma babu haɗa jiki. Ba da ƙwallo, karɓa, gudu mai ƙarfi, dabarun da ke bukatar tunani da sauri.

Mataki na 5: cikakken atisaye, har da haɗa jiki da sa kai. A nan koci zai ga ko ƙarfin zuciyarsa da saurinsa sun dawo.

Mataki na 6: wasan gasa.

Yaya za a san an yi sauri? Ku koya wa yaro ya auna damuwarsa daga 0 zuwa 10 kafin ya fara. A matakai uku na farko, idan ciwon kai ko jiri ya ƙaru kaɗan, bai wuce maki 2 ba, kuma ya lafa cikin sa'a ɗaya, babu laifi. Idan ya wuce haka, ya tsaya, ya sake gwada wannan matakin washegari. A matakai uku na ƙarshe kuwa, duk alamar da ta dawo tana mayar da shi mataki na 3, har sai ta tafi sarai.

Wanda ya lissafa zai ce ashe mako ɗaya ya isa. Wannan shi ne mafi ƙarancin lokaci, ga wanda ke da likita a kansa kullum. Alƙaluman da masanan Amsterdam suka tattara sun nuna cewa a matsakaici, 'yan wasa sukan ɗauki kimanin kwana 20 kafin su koma. A Birtaniya, ƙa'idar da aka fitar a 2023 domin wasannin unguwa da makarantu ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21, kuma kada a fara atisayen haɗa jiki sai an yi kwana 14 babu wata alama. Wasanninmu na Zango irin waɗannan ne, babu likita a bakin fili. Don haka shawarata gare ku ita ce ku riƙe wannan lissafi: mako uku, mafi ƙaranci. Ranar da kai ya bugu ita ce ranar sifili. Ku rubuta ta a kalanda ko a waya, domin idan babban wasa ya matso, kowa yakan manta lissafi.

Mafi yawan yara da manya suna warkewa cikin wata ɗaya. Idan mako huɗu suka wuce alamu ba su tafi ba, a koma asibiti. Akwai taimakon da ake yi wa mai jiri, da mai ciwon wuya, da mai matsalar gani ko barci. Wanda kuma ya taɓa samun girgizar a baya, ya faɗa wa likita, domin irinsa yakan bukaci lokaci fiye da haka.

Makaranta da kasuwa kafin fili

Yaron da bai iya zaman aji cikakke ba, bai isa shiga gasa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara karatu kaɗan-kaɗan a gida, minti 10 ko 15 sai hutu. Daga nan rabin yini a makaranta, sannan yini cikakke. Ku sanar da malaminsa na boko da na makarantar allo ko Islamiyya, domin a sassauta masa, kada a ɗauki mantuwarsa a matsayin wasa da karatu, kuma kada hannu ko bulala su kusanci kansa.

Yawancin yaranmu ba ƙwallo kaɗai suke yi ba. Da safe suna sauke buhun albasa, suna tura kura, suna dakon doya, suna fasa ƙarfe, wasu suna okada. Wannan ma a bi shi mataki-mataki. A kwanakin farko ya zauna a inuwa ya taya ki ƙirga kuɗi ko jiran rumfa na ɗan lokaci. Ɗaukar kaya a ka, hawa saman mota, da tuƙa babur su ne na ƙarshe, sai jiri ya tafi gaba ɗaya. Abin da na faɗa a kan ɗan ƙwallo ya shafi 'yar kayaye da kaya suka faɗo mata a ka, da wanda ya faɗi daga babur, da tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin kwata. Ƙwaƙwalwa ba ta san bambancin fili da kasuwa ba. 'Yan mata masu buga ƙwallo kuma a kula da su sosai: binciken da aka yi a makarantun Amurka ya nuna a wasan ƙwallon ƙafa abin ya fi samun su fiye da maza.

Ku da kuke bin hanya, zuwa Bawku ko Kumasi, ko ku tsallaka Paga ko Aflao ku nufi Wagadugu, Lome, Yamai ko Tawa, ga roƙona. Kada a ɗora yaro a mota mai dogon zango a kwana biyun farko, inda idan jikinsa ya rikice babu asibiti kusa. Idan tafiya ta zama dole daga baya, a ba shi takarda mai ɗauke da ranar bugun, da alamun da aka gani, da matakin da ya kai. Wanda zai karɓe shi a can ya sani, domin kada ya sauka yau gobe a sa shi a wasan unguwa.

Maganar kuɗi da maganar dama

Na san abin da ke zuciyar wasu iyaye maza. Mai neman 'yan wasa zai zo ranar Asabar, dama ba ta zuwa sau biyu. Ku saurare ni. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta warke ba yana jinkirin ganin ƙwallo, yana jinkirin yanke shawara, kuma bincike ya nuna ya fi saurin jin rauni a gwiwa ko idon sawu. A ranar da kuke so a ga gwanintarsa, rabinsa za a gani. Gara ya rasa Asabar ɗaya da ya rasa shekara goma na wasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuɗin asibiti kuma, a shirya masa tun ana lafiya. Ku duba katin inshorar lafiya na yaranku, ana sabunta shi ta waya da *929#. Kowace ƙungiya ta buɗe ɗan asusu irin na susu domin kuɗin mota da na magani. Ƙungiyar da ta iya sayen riguna ta iya wannan.

Rigakafi

Babu hula ko ɗankwalin roba da aka tabbatar yana hana girgizar ƙwaƙwalwa. Suna rage tsagewar fata, amma ba sa hana abin da ke ciki jijjiga. Abin da ke taimakawa shi ne alƙalin wasa mai hukunta duka da gwiwar hannu, fili da aka tsince duwatsunsa, raga da aka kafe da kyau, da ƙwallo daidai da shekarun yara, ba mai tauri kamar dutse ba. Ƙananan yara kuma a rage musu sa kai. Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila ma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara a 2024. Dalili kuwa, wani bincike da aka yi a Jami'ar Glasgow a 2019 ya gano cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotilan sun fi sauran mutane mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kusan ninki uku da rabi. Yaro ɗan shekara takwas ya koyi ƙwallo da ƙafa tukuna, kai zai jira.

Abin da za ku tafi da shi

Koci, kai ne uba a fili: in ka yi zato, fitar da shi, kuma ka kira gidansu a ranar. Uwa da uba, ku sa ido kwana uku, ku san alamun da ba a kwana da su. Ɗan wasa, faɗin gaskiya a kan ciwon kanka ba ragwanci ba ne, kuma idan ka ga abokinka yana tangaɗi, ɗaga hannu ka kira alƙali. 'Yan kallo, ku daina yi wa yaron da aka fitar ihu, ku tafa masa.

Ya fito nan take. Likita ya gan shi. Kwana biyu na hutu. Makaranta kafin fili. Matakai shida, mako uku mafi ƙaranci. Ku ajiye wannan takarda a rumfa ko a jakar ƙungiya, ku karanta wa wanda bai samu zuwa ba. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba da kasuwa mai albarka.